Bishiyar Ƙofar Gida da Lafiyar Iyali: Yadda Maƙwabta Za Su Dasa Ta, Su Raine Ta

Daga watan Maris zuwa Mayu na kowace shekara, akwai majinyatan da muka saba gani a ɗakin taimakon gaggawa: tsofaffi masu hawan jini da jiri ya kayar bayan Azahar, jarirai da suka ƙi kama nono kuma fitsarinsu ya ragu, da yara masu sikila da ciwon ƙashi ya tayar wa cikin dare. Cututtukan sun bambanta, amma idan aka bi diddigi, sau da yawa zafi da ƙarancin ruwa a jiki ne suka tunzura su.

Na taɓa duba wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo a irin wannan hali. Bayan an ƙara masa ruwa ya dawo hayyacinsa, na ce masa, "Baba, a ina kake wuni?" Ya ce shekara da shekaru a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yake zama, sai a bara aka sare ta aka gina shaguna, aka malale wurin da siminti. Tun daga lokacin ya koma wuni a ɗaki mai rufin kwano. Ban da abin da zan rubuta masa a takardar magani da zai maye gurbin wannan inuwar.

Wannan bayani zai duba alaƙar bishiyoyin bakin titi da lafiyarmu, da yadda mutanen layi ɗaya za su haɗa hannu su dasa su, su raine su har su girma, ba tare da sun jawo wa kansu wata sabuwar matsalar lafiya ba.

Me zafi ke yi wa jikin mutum?

Jikin ɗan Adam yana aiki daidai ne idan zafin cikinsa yana wajen digiri 37 a ma'aunin salshiyos. Idan gari ya ɗau zafi, jiki na da manyan hanyoyi biyu na sanyaya kansa. Ta farko ita ce gumi, wanda idan ya bushe a kan fata yake tafiya da zafi. Ta biyu ita ce buɗe hanyoyin jinin da ke kusa da fata, domin jini ya kawo zafin ciki waje. Duka biyun suna da tsada a wurin jiki: gumi na cinye ruwa da gishiri, tura jini zuwa fata kuma na sa zuciya ta ƙara gudu.

Matashi mai lafiya kan jure wannan. Waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne tsofaffi, jarirai da ƙananan yara, mata masu juna biyu, masu ciwon zuciya ko hawan jini, musamman masu shan maganin da ke sa yawan fitsari, masu ciwon suga, masu ciwon ƙoda, da masu sikila, waɗanda bushewar jiki kan tayar musu da ciwo. Haka nan masu aikin ƙarfi a rana, kamar 'yan dako, magina da masu tura ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin cewa tsakanin shekarar 2000 da 2019, kimanin mutum 489,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya sanadiyyar zafi. A yankinmu na Sahel mun ga misali a watan Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A kwanaki huɗun farko na watan, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya samu mace-mace 102, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffi ne.

Ta yaya bishiya ke rage zafi?

Cikin gari ya fi bayan gari zafi, kuma dalilin a fili yake. Kwalta, siminti, bulo da kwano suna shan zafin rana duk yini, sannan su riƙa sakinsa a hankali da daddare. Shi ya sa bango kan kasance da ɗumi har ƙarfe goma na dare, ɗaki ya ƙi kwantuwa idan babu wuta. Wannan zafin dare na da haɗari na musamman, domin da dare ne jiki ya kamata ya huta ya farfaɗo daga wahalar rana.

Bishiya na magance wannan ta hanya biyu. Da farko tana tare hasken rana kafin ya sauka a kan bango ko ƙasa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa wurin da ke cikin inuwa na iya fin wanda rana ke duka sanyi da digiri 11 zuwa 25 a lokacin da rana ta fi ƙuna. Wannan zafin fuskar bango ne ko ƙasa, wanda duk mai tafiya ba takalmi ya san bambancinsa. Na biyu, bishiya na jawo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ganye, kuma yayin da ruwan ke bin iska yana sanyaya ta, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Ganye kuma na tare wani ɓangare na ƙurar titi kafin ta shiga gida.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a auna shi. Sunaye irin su Durumin Iya da Kasuwar Rimi a Kano shaida ne cewa a gindin bishiya ake zama, ake ciniki, ake sasanta rigima. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, asalinta daga yankin Indiya take, an shigo da ita a zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma ta karɓi ƙasarmu har ta zama alamar titunan Maiduguri da wasu garuruwa da dama.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2023 mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa wani nazari a kan birane 93 na Turai. Masu binciken sun ƙiyasta cewa a lokacin zafin 2015, kimanin mutum 6,700 ne suka mutu saboda ƙarin zafin da gine-ginen birni ke haifarwa, kuma da inuwar bishiyoyi ta rufe kashi 30 cikin ɗari na waɗannan birane, da an kauce wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mace-macen.

Amfanin bai tsaya ga zafi ba. A birnin Filadelfiya na Amurka an yi wani gwaji da aka wallafa a 2018, inda aka zaɓi wasu kangayen filaye ta hanyar ƙuri'a, aka kwashe sharar da ke cikinsu, aka shuka ciyawa da 'yan bishiyoyi, aka bar wasu yadda suke. Mutanen da ke zaune kusa da filayen da aka gyara sun ba da rahoton raguwar jin baƙin ciki da damuwa da fiye da kashi 40 cikin ɗari, kuma tasirin ya fi ƙarfi a unguwannin talakawa. Tun a 1984 ma wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba bayanan majinyatan da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti a Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga waɗanda ke kallon bango barin asibiti da kusan kwana ɗaya, kuma sun fi ƙarancin buƙatar maganin ciwo mai ƙarfi.

An yi waɗannan nazarce-nazarce ne a ƙasashen da zafinsu bai kai namu ba, kuma gidajensu sun fi namu wutar lantarki. A inda zafi ke haura digiri 40 kuma fanka ba ta da tabbas, buƙatar inuwa ta fi girma.

Me ya sa aikin ke buƙatar maƙwabta?

Dasa bishiya aikin rabin sa'a ne, rainonta kuwa aikin shekara biyu zuwa uku. Duk damina muna ganin bukukuwan dashe, a ɗauki hoto a watse, kafin watan Fabrairu ƙishirwa da awaki sun gama da yawancin dashen. Dashen da ya mutu bai ba kowa inuwa ba.

Manyan biranen duniya sun gano haka. A Niyok da Washinton, idan ana shimfiɗa daɓen gefen titi, akan bar wani ɗan fili mai kusurwa huɗu ba a rufe shi da siminti ba, a dasa bishiya a ciki. Hukuma ce ke dasawa, amma ana ƙarfafa wa mazauna layin gwiwa su riƙa ba ta ruwa, su cire shara, su sassauta ƙasar. Birnin Niyok ya ƙaddamar da shirin dasa bishiya miliyan ɗaya a 2007, ya kammala a 2015, kuma horar da mazauna unguwanni kan kula da dashen na cikin ginshiƙan shirin.

A wurinmu dalilin haɗa hannu ya ma fi ƙarfi. Ruwa saye ake yi a unguwanni da yawa, kuma nauyinsa kan yi wa gida ɗaya yawa. Mai gida na iya tafiya, ɗan haya na iya tashi. Sannan bishiya ɗaya inuwar gida ɗaya take bayarwa, jerin bishiyoyi ne ke sauya yanayin layi gaba ɗaya, har yara su tafi makaranta a inuwa, tsoho ya iya takawa zuwa masallaci. Wannan tafiyar ƙafa da zaman hira da jama'a su ma magani ne ga mai hawan jini, mai suga da mai fama da kaɗaici.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tayar da maganar a inda aka saba haɗuwa, ko bayan sallah ko a taron unguwa, a sanar da mai unguwa. Idan babban titi ne, a tuntuɓi hukumar tsara birane ko ta gandun daji kafin a fasa daɓe. Kowace bishiya a ba ta gida ɗaya da zai zama mai ita, da gida na biyu da zai karɓa idan na farko ba ya nan. Abin da aka ce na kowa ne, a ƙarshe ba mai kula da shi.

Wace bishiya, kuma a ina?

Darbejiya na jure fari, tana girma da wuri, kuma tana riƙe ganye a lokacin bazara, sa'ad da aka fi buƙatar inuwa. Maɗaci da tsamiya na ba da inuwa mai kauri, sai dai suna buƙatar fili, tsamiya kuma na da jinkirin girma. Mangwaro na son ruwa sosai a shekarun farko. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu na da ƙarfi, tana iya fasa gini da bututu, don haka sun fi dacewa da fili mai faɗi irin na makaranta ko dandali. A lungu mai ƙunci, zogale ya fi dacewa: inuwarsa kaɗan ce, amma bai cin wuri, ga kuma ganyen miya.

Wajen zaɓen wuri, a kula da waɗannan:

- A nisanta babbar bishiya da bangon gida, masai, sokawe da rijiya da aƙalla mita huɗu zuwa biyar.
- Kada a dasa mai tsayi a ƙarƙashin wayar wuta.
- Kada a dasa a bakin kwana inda za ta tare wa direbobi gani, ko a cikin magudanar ruwa.
- Idan da zaɓi, a dasa ta yamma da gida, domin ranar la'asar ce ke gasa bangon da zai hana barci da dare.

Yadda ake dasawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina ta zauna, wajen watan Yuni zuwa Yuli, domin ruwan sama ya yi wa dashen rainon farko. Idan ƙofar gidan daɓe ce ko intalok, a buɗe fili aƙalla mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, in ya fi haka ma ya fi kyau. Saiwa na buƙatar iska da ruwa, kuma bishiyar da aka matse da siminti har wuya ba ta daɗewa.

A haƙa rami mai faɗi ninki biyu ko uku na ƙasar da ke cikin ledar dashen, amma zurfinsa kada ya wuce tsawon ledar. A cire baraguzan gini, a gauraya ƙasar da taki da ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki na ƙona saiwa. A yage ledar a hankali a cire ta gaba ɗaya. A ajiye dashen yadda wuyansa zai yi daidai da fuskar ƙasa, a mayar da ƙasa, a danna da hannu, a ba shi ruwa sosai nan take. Daga nan a shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa a kewaye don riƙe laima, amma kada ya taɓa jikin dashen. A ƙarshe a kewaye shi da bulo mai ƙofofin iska, raga ko kwando, tsayin da akuya ba za ta kai ba.

Ba da ruwa a lokacin rani

Daga watan Nuwamba zuwa Mayu ne dashe ke mutuwa. Jarka ɗaya ta lita 20 zuwa 25, sau biyu ko uku a mako, da sassafe ko da yamma, ta fi yayyafin kullum amfani, domin ruwan da ya nutse ƙasa sosai shi ke jan saiwa zuwa ƙasa. A zuba a hankali yadda zai shige. Ba dole sai ruwan saye ba: ruwan alwala, na wanke shinkafa ko kayan miya, da na ɗaurayar kwanuka duk suna yi. A guji ruwan masai, ruwan kwata, da wanda ke da bilic, man inji ko gishiri mai yawa. Bayan rani biyu ko uku, yawancin bishiyoyin da muka ambata suna iya riƙe kansu.

Abubuwan da za a yi hattara da su

Sauro. Bishiya ba ta haifar da sauro, a ruwan da ya kwanta yake hayayyafa, kuma a yanayin zafi cikin kimanin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ke zama sauro. Ruwan da aka zuba wa dashe ya kamata ya shanye cikin 'yan sa'o'i. Idan yana kwana, a sassauta ƙasar a rage yawansa. Tsohuwar taya da ake kewaye dashe da ita na tara ruwan sama, kuma irin wannan wuri ne sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi ya fi so. In an yi amfani da ita, a huda ta ko a cika ta da ƙasa. Kwana cikin gidan sauro na nan daram, musamman ga masu kwana a waje lokacin zafi.

Rauni. Ƙwayar cutar tetanus, wadda ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, tana rayuwa a cikin ƙasa da kashin dabbobi. A sa takalmi lokacin aiki. Wanda ya yanke ko ƙusa ta soke shi ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, kada ya sa ƙasa, toka ko man inji, sannan ya je asibiti a ranar a duba ko yana buƙatar allura. A duba ƙarƙashin bulo da tarin ganye da sanda kafin a sa hannu, saboda kunama.

Tsirrai masu guba. Kada a yi shinge da binidazugu ko zurma a inda yara ke wasa, domin 'ya'yansu na jawo amai da gudawa mai tsanani, na zurma ma na iya kisa. Ruwan tumfafiya na yi wa ido illa. Idan ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 a tafi asibiti. Ita ma darbejiya inuwarta muke so: man 'ya'yanta ya sha jawo wa jarirai da ƙananan yara amai, jijjiga da suma, don haka kada a ba su. Kuma dafaffen ganyenta ba ya maye gurbin gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Hayaƙi. Ƙona busasshen ganye a bakin titi na tayar wa masu asma da masu ciwon huhu da ciwo, balle in an haɗa da leda. A mayar da ganyen gindin bishiya ko a binne shi ya zama taki.

Faɗowa. A lokacin mangwaro mukan ga yara da karaya da raunin kai. A tanadi doguwar gora ta tsinka, a kuma sare busassun rassa kafin iskar farkon damina. Reshen da ya kusanci wayar wuta aikin ma'aikatan lantarki ne, kada wani ya hau.

Lokacin da inuwa ba ta wadatar ba

Bishiya rigakafi ce, kuma sai bayan shekaru take fara aiki. Kafin nan da bayan nan, a riƙa shan ruwa akai-akai ba sai an ji ƙishirwa ba, a rage aikin ƙarfi tsakanin sha biyun rana da ƙarfe huɗu, a riƙa leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Jariri ɗan ƙasa da wata shida a ƙara masa yawan shan nono, ba ya buƙatar ruwa. Mai ciwon zuciya ko ƙoda da aka ƙayyade wa ruwa, da mai shan maganin hawan jini, su tuntuɓi likitansu game da lokacin zafi, kada su daina magani da kansu.

Yawan gumi, kasala, jiri, ciwon kai, tashin zuciya da murɗawar tsoka alamun galabaita ne. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da suga. Amma idan jikinsa ya yi zafi ƙwarai sannan ya ruɗe, yana sambatu, yana jijjiga ko ya suma, wannan bugun zafi ne, kuma yana iya kisa cikin ƙanƙanin lokaci. A fara sanyaya shi nan take: a cire masa kaya, a kwarara masa ruwan sanyi, a yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, a ci gaba da haka a kan hanyar zuwa asibiti. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi.

Kafin dattijon nan ya bar asibiti, na shawarci babban ɗansa da ya nema wa mahaifinsu wurin wuni mai iska, ya kuma yi magana da masu shagunan su bar ɗan fili a gaba a dasa wata darbejiyar idan ruwa ya sauka. Irin shawarar da nake ba mai karatu ke nan: kafin damina mai zuwa, a zauna da maƙwabta biyu ko uku, a zaɓi wuri, a san gidan da zai ɗauki nauyin jarkar ruwan kowace bishiya.